Zanga-zanga: Hukuncinta da Amfaninta ga Saurayi Musulmi

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ba Ya zaluntar kowa kuma ba Ya son azzalumai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da duk wanda ya bi sunnarsa har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya kai ɗan'uwa saurayi Musulmi, darasinmu a kan zanga-zanga ne, watau mutane su taru su fito bisa titi su bayyana wa hukuma kukansu da babbar murya. Kai a ke kira idan za a yi ta, ba a kiran tsofaffi. Kai ne kuma ke sahun gaba ranar da aka harba barkonon tsohuwa, ko harsashi ya tashi. Sabo da haka ka fi kowa bukatar sanin hukuncinta kafin ka sa takalminka, domin Musulmi ba ya kutsa kai cikin al'amari sai ya san abin da Allah Ya hukunta a cikinsa.

Za ka ji mutane iri biyu suna ja maka riga. Wani ya ce maka duk wanda ya fita ya saɓa wa Allah, ka zauna gida ka yi haƙuri. Wani kuma ya ce maka duk wanda ya ƙi fita matsoraci ne, ko ɗan kanzagin gwamnati. To, addini ba da ihu a ke karɓarsa ba. Mu koma ga dalili.

Kukan wanda aka zalunta

Ka fara da aya ta 148 cikin Suratun Nisa'i. Ma'anarta ita ce Allah ba Ya son a riƙa bayyana mummunar magana a fili, amma Ya ba wanda aka zalunta dama ya faɗi abin da aka yi masa. Ka lura da wannan togaciya. Aibata mutum a bainar jama'a haramun ne a asali, sai ga shi an buɗe wa wanda aka cuta ƙofa, domin idan aka toshe masa baki aka haɗa masa da cuta, an zalunce shi sau biyu ke nan.

Abu Dawuda ya ruwaito daga Abu Huraira, Allah Ya yarda da shi, labarin wani mutum da ya kawo wa Manzon Allah (S.A.W.) ƙarar maƙwabcinsa mai cutar da shi. Annabi ya umurce shi da haƙuri. Ya tafi ya dawo, sau biyu ko sau uku, abin bai daina ba. Sa'an nan Annabi ya ce masa ya fitar da kayan ɗakinsa ya zuba su bisa hanya. Ya yi haka. Duk wanda ya zo wucewa sai ya tsaya ya tambaye shi lafiya, shi kuwa ya ba shi labari, mutane suka dinga tsine wa maƙwabcin. Da abin ya ishi maƙwabcin sai ya zo da kansa ya roƙe shi ya mai da kayansa gida, ya yi alkawari ba zai sake ganin abin ƙi daga gare shi ba.

Tsaya a nan, ɗan'uwa, kada ka wuce da sauri. Mutumin nan ya fara kai ƙara wurin shugaba. Ya yi haƙurin da aka ce ya yi. Da aka ba shi izinin fita hanya, kayansa ya fitar, bai taɓa na maƙwabci ba. Bai ɗauki sanda ba, bai sa wa ɗakin kowa wuta ba. Makaminsa ɗaya ne, idon jama'a, domin azzalumin da ba ya jin tsoron Allah sau da yawa yana jin kunyar mutane. Da ya sami biyan bukata kuwa, ai magana ta ƙare. Duk wanda ya fahimci wannan hadisi ya fahimci abin da fita bisa titi ke iya yi da inda iyakarsa ta ke.

Tun kafin a aiko Annabi ma an yi makamancin haka a Makka. Wani fatake daga mutanen Zubaidu na ƙasar Yaman ya sayar wa Asi ɗan Wa'ilu kaya, shi kuwa Asi babba ne a Ƙuraishawa, ya karɓe kayan ya hana kuɗi. Baƙon ya bi manyan gari yana neman taimako, suka ƙi saurararsa. Sai ya hau dutsen Abu Ƙubaisu da hantsi, lokacin da Ƙuraishawa ke zaune a majalisunsu kewaye da Ka'aba, ya ɗaga murya ya faɗi abin da aka yi masa. Zubairu ɗan Abdulmuɗɗalibi, baffan Annabi, ya miƙe ya ce wannan ba abin da za a bari ba ne. Wasu dangogi suka taru a gidan Abdullahi ɗan Jud'ana suka yi rantsuwa za su tsaya tare da duk wanda aka zalunta a Makka har a mayar masa da haƙƙinsa, sa'an nan suka je suka karɓo wa baƙon kayansa. Wannan shi ne Hilful Fuduli. Annabi ya halarce shi yana saurayi kamarka, kuma bayan Annabci ya yabe shi, ya nuna cewa da za a kira shi zuwa ga irinsa a Musulunci da ya amsa. Waɗanda suka ƙulla shi kuwa mushirikai ne a lokacin. Ashe haɗa kai da wanda ba Musulmi ba domin tsare haƙƙin wanda aka cuta ba saɓo ba ne.

Kai da ka ke karatun hadisi, ka san hadisin Abu Sa'idul Khuduri cikin Sahihu Muslim, mai umurni da a canza munkari da hannu, in ba a iya ba da harshe, in ba a iya ba da zuciya. Amma ka taɓa duba dalilin da ya sa Abu Sa'idu ya karanto shi? Marwanu ne, yana gwamnan Madina, ya gabatar da huɗuba kafin sallah ranar Idi, sai wani mutum ya miƙe a gaban jama'a ya ce masa sallah ce ke gaba. Abu Sa'idu ya ce wannan mutum ya sauke abin da ke wuyansa, sa'an nan ya kawo hadisin. Gwamna aka gyara wa, a fili, kuma sahabi ya yaba.

Ko a ƙasarmu, wajen shekarar 1788, Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo ya tara malamai a Magami lokacin Babbar Sallah, ya yi musu kyauta mai yawa. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya ƙi karɓar dukiyar, ya nemi abubuwa biyar a madadinta. A bar shi ya kira mutane zuwa ga Allah, kada a hana wanda ya so amsa kiran, a girmama masu rawani, a saki waɗanda aka tsare, kuma a sauƙaƙa wa talakawa haraji. Sarki ya amince. Shehu ya faɗi bukatarsa a ƙididdige, a gaban taro, ga wanda ke da ikon biyanta, kuma hannunsa babu kuɗin sarki. Wannan na ƙarshe shi ya ba maganarsa nauyi.

Hujjar masu hanawa

Kada ka ɗauka malaman da suka hana zanga-zanga ba su da dalili. Shaihu Abdul'aziz bin Baz da Shaihu Muhammad bin Usaimin, Allah Ya ji ƙansu, ba su yarda da ita ba. Sun ce ba hanyar magabata ba ce, kuma ƙarshenta rikici da zubar da jini. Suna kafa hujja da hadisan da suka yi umurni da biyayya ga shugaba cikin abin da ba saɓo ba, da mubaya'ar da Ubadatu ɗan Samitu ya ruwaito, cewa ba za a yi jayayyar mulki da masu shi ba sai an ga kafirci ƙarara mai hujja. Suna kuma kawo maganar Usamatu ɗan Zaidu, da aka ce masa me ya hana shi yi wa Halifa Usmanu magana, ya nuna cewa yana yi masa a tsakaninsu, ba ya son ya zama farkon mai buɗe ƙofar fitina. Kuma kowa ya san taron da ya zo Madina daga Masar da Kufa da Basra a shekara ta 35 bayan Hijira da sunan ƙorafi, ya ƙare da kisan Usmanu yana cikin gidansa. Wannan ba ƙaramar hujja ba ce, kuma wanda ya yi wa waɗannan malamai rashin kunya ya nuna jahilcinsa.

Wasu malamai kuma, irin su Shaihu Yusuf Alƙardawi, Allah Ya ji ƙansa, sun halatta ta muddin ta lumana ce. Suka ce zanga-zanga ba ibada ba ce da za a ce sai an zo da nassi a kan surarta. Hanya ce, kamar rubuta takarda ko tura wakilai, kuma hanya tana ɗaukar hukuncin abin da a ke nufi da ita da abin da ta ke haifarwa.

Abin da ya fi ƙarfi a wurinmu shi ne a rarrabe tsakanin abu biyu da mutane ke cakuɗawa. Tawaye daban, watau a ɗauki makami ko a nemi kifar da hukuma da ƙarfi, wannan shi hadisai suka hana. Ƙorafi a fili daban. Ita wannan mubaya'a ta Ubadatu da a ke kafa hujja da ita, a cikinta akwai alkawarin faɗin gaskiya duk inda a ke, ba tare da tsoron zargin mai zargi ba. Me ya sa a ke karanta mana rabi a bar rabi? Sa'an nan a Nijeriya, sashe na 40 na tsarin mulkin 1999 ya ba mutane damar taruwa cikin lumana, kuma a 2007 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta yanke cewa ba dole ba ne sai an nemi izinin 'yan sanda. Shugaban da ya yi rantsuwa zai kare wannan tsari ya riga ya yarda a fito a gaya masa. Wanda ya fito cikin lumana bai saɓa masa ba ke nan.

Amma halaccin abu a asali ba ya nufin ya halatta kullum. Ibnul Ƙayyim ya kasa hani ga munkari kashi huɗu. Ko munkarin ya gushe alheri ya maye gurbinsa, ko ya ragu, waɗannan biyu Shari'a na son su. Ko wani kamarsa ya maye gurbinsa, wannan wurin ijtihadi ne. Ko kuwa ya haifar da wanda ya fi shi muni, wannan haramun ne. Ya kawo labarin malaminsa Ibnu Taimiyya, da ya wuce wasu sojojin Tatar suna shan giya, wani almajirinsa ya so ya hana su, shi kuwa ya ce ya ƙyale su, domin giyar ce ta shagaltar da su daga kashe mutane da ƙwace dukiyarsu. Ga ma'auni nan, ɗan'uwa. Da shi za mu auna abin da ya faru a gabanmu.

Janairun 2012 da Agustan 2024

Ranar 1 ga Janairu 2012 gwamnatin Goodluck Jonathan ta cire tallafin man fetur, lita ta tashi daga naira 65 zuwa wajen naira 141 a dare ɗaya. Mutane suka fito a Legas da Abuja da Kano da Kaduna da sauran garuruwa. Ranar 9 ga wata ƙungiyoyin ƙwadago, NLC da TUC, suka shiga yajin aiki, kasuwanni da bankuna da ofisoshi suka rufe. A Kano matasa sun taru a shataletalen Silver Jubilee, kuma a nan aka ga Kiristoci sun kewaye Musulmi suna gadinsu har suka idar da sallah. Ranar 16 ga wata gwamnati ta sauko da lita zuwa naira 97, ƙungiyoyin suka janye yajin.

Ba a koma 65 ba, kuma an rasa rayuka a Kano da Legas, Allah Ya ji ƙan Musulmin cikinsu. Amma munkarin ya ragu, kuma wani abu ya biyo baya wanda ya fi ragin farashin. Majalisar Wakilai ta kafa kwamitin bincike, aka gano cewa kuɗin tallafin da aka ware wa naira biliyan 245 a kasafin 2011 ya haura tiriliyan 2, kuma akwai kamfanonin da aka biya alhali ba su shigo da man ba. Da mutane ba su fito ba, wa zai ɗaga wannan murfi? Ko da ya ke shi kansa ɗan majalisar da ya shugabanci binciken kotu ta ɗaure shi a 2021 sabo da karɓar cin hanci a kan wannan aiki. Ka ga ke nan titi yana tona asiri, amma ba ya sa wa zuciya tsoron Allah.

Me ya sa ta 2012 ta sami abin da ta samu? Bukata ɗaya ce, kowa ya san ta, kuma a kan iya auna ta da lissafi. Akwai shugabanni sanannu da gwamnati za ta zauna da su, masu iya cewa a fito a fito, su ce a koma a koma.

To, dubi ta 2024. Ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafi ya ƙare, cikin 'yan kwanaki lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen 500. Zuwa tsakiyar 2024 tsadar abinci ta ƙaru da fiye da kashi 40 cikin 100 a shekara guda. Yunwar gaskiya ce, babu mai musun wannan sai wanda tukunyarsa ba ta taɓa kwana a kife ba. Aka yi kira a fito kwana goma, daga 1 zuwa 10 ga Agusta. Amma wa ya yi kiran? Yawancin samarin da suka fito a Arewa a waya suka gani. Bukatun suna da yawa, babu wanda zai ce ga ta farko. Tun ranar farko a Kano aka fasa cibiyar koyar da fasahar zamani ta hukumar sadarwa ta NCC, wadda ko buɗe ta ba a yi ba, aka kwashe kayan ciki. Domin wa aka gina ta? Domin kai. Aka sa dokar hana fita a Kano da wasu jihohi, mai neman abincin yini ya rasa na ranar. Sai ga wasu yara ɗauke da tutar Rasha, da yawansu ba su san ko ina Rasha ta ke ba. Ƙungiyar Amnesty International ta ce an kashe aƙalla mutum 24 a jihohin Borno, Kaduna, Kano, Katsina, Jigawa da Neja, 'yan sanda kuwa suka musanta.

Ranar 1 ga Nuwamba 2024 aka gurfanar da waɗanda aka kama a Babbar Kotun Tarayya ta Abuja, cikinsu har da ƙananan yara, bisa tuhumar cin amanar ƙasa. Sun shafe kusan wata uku a tsare. Wasu suka yanke jiki suka faɗi a cikin kotu. Sai da hotunansu suka bazu, jama'a suka yi ca, sa'an nan shugaban ƙasa ya ba da umurni a sake su. Wannan zalunci ne daga hukuma, kuma ba za mu kira shi da wani suna ba. Harbin wanda ya fito ba makami zalunci ne, ko wa ya ba da umurni. Amma ka tambayi kanka, waɗanda suka zuga yaran nan ta waya, ina su ke ranar da yaran ke faɗuwa? Farashin mai kuwa bai sauko ba. A watan da ya biyo bayan zanga-zangar ma ƙari aka yi.

Abin lura, a wannan shekarar ce ƙungiyoyin ƙwadago suka yi yajin aiki a watan Yuni, suka zauna da gwamnati, aka ɗaga mafi ƙarancin albashi daga naira 30,000 zuwa 70,000. Bai isa ba, amma an san wanda ya nema, an san abin da ya nema, an ga abin da ya samu.

Akwai kuma irin wadda a ke yi da sunan kishin addini, ita ce ta fi ban tsoro. A Nuwamba 2002 wata jarida ta taɓa mutuncin Annabi a kan gasar sarauniyar kyau ta duniya. Fushin Musulmi daidai ne. Amma abin da ya biyo baya a Kaduna shi ne mutuwar mutum fiye da 200, Musulmi da Kirista, waɗanda ba su rubuta komai ba. Kashe wanda bai ji ba bai gani ba, ba kare Annabi ba ne, saɓa masa ne.

Kafin ka fita

Idan aka ce a fito, ka nemi sanin wanda ya kira, da sunansa da fuskarsa, kuma shin shi ma zai tsaya bisa titin. Ka nemi sanin abin da a ke nema, da wanda za a miƙa wa, da lokacin da za a ce an gama. Ka tambaya ko an riga an bi ta hannun malamai da sarakuna da wakilai an gaza, kamar yadda mutumin nan ya fara kai ƙara. In babu amsar waɗannan, ba zanga-zanga aka kira ka ba, an kira ka ne ka zama itacen hura wutar wani. Ka nemi yardar iyayenka, domin Annabi ya mai da wani mutum ga iyayensa alhali jihadi ya zo nema, balle wannan. Kada ka ja ƙanenka ko almajiri ɗan shekara goma sha biyu.

In ka fita, hanya tana da haƙƙi, kamar yadda ya zo a Buhari da Muslim: runtse ido, kame cuta, amsa sallama, umurni da kyakkyawa da hani ga mummuna. Tare motar da ke ɗauke da mara lafiya cuta ce. Tilasta wa mai shago ya rufe cuta ce. Buhun shinkafar da ka ɗauko daga rumbun da aka fasa ba ganima ba ne, ko na gwamnati ne ko na ɗan kasuwa, kuma cewa su ma suna sata ba ya halatta maka shi. Lokacin sallah in ya yi, a tsaya a yi. Da zarar ka ga 'yan daba sun shigo da gora da wuƙa, taron ya tashi daga hannun masu shi, ka juya gida, ba ragwanci ba ne.

Sauran magana kuwa ta malamai ce, kuma ya kamata ka ji ta. Malamin da zai hau mumbari ya ce wa talaka ya yi haƙuri, wajibi ne a kansa ya shiga wurin mai mulki ya ce masa ya ji tsoron Allah, kuma jama'a su ga alamar ya yi. Hadisin da Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito ya sanya faɗin gaskiya a gaban shugaba azzalumi cikin mafificin jihadi, kuma malamai ne suka fi kowa samun shiga wannan wuri. Idan suka shiga suka fito da mota da kujerar Hajji, bakinsu ya mutu, to ranar da suka ce wa samari kada su fita babu mai jin su, kamar yadda aka gani a garuruwa da yawa a Agustan 2024. Kai kuma, idan malaminka ya hana ka, ka je gare shi da ladabi ka tambaye shi wace hanya ya tanada a madadin titi, wace takarda za a rubuta, wa zai kai ta, kuma yaushe za a dawo wa jama'ar masallaci da amsa.

Allah Ya ba mu shugabanni masu tausayinmu, Ya tsare samarinmu daga fitina.